Ƙofofin gefe da murafun jiragen mashigin ruwa a Birtaniya: Me ya sa ake rufe su a matakalar ruwa?

A ƙasar Birtaniya akwai dubban siraran jirage da ke zirga-zirga a mashigan ruwa waɗanda aka haƙa da hannu fiye da shekara 200 da suka wuce. Ruwan waɗannan mashigai a kwance yake, babu raƙuman ruwa, zurfinsa a wurare da dama bai wuce ƙirjin baligi ba, kuma a yawancinsu doka ba ta yarda jirgi ya wuce gudun mil 4 a awa guda ba. Duk da wannan lafawa, jirage na nutsewa a cikinsu, kuma wurin da matuƙa suka fi shakka shi ne matakalar ruwa, wato ginin da ake ɗaga jirgi ko sauke shi a ciki idan hanya ta zo hawa ko gangara. A nan ne ƙofar gefe da aka bari a buɗe, ko marfin da ba a ɗaure sosai ba, ke iya zama sanadin asarar dukiya har ma da rai. Ƙa'idar da gogaggun matuƙa ke bi gajeriya ce: kafin a shiga matakala a rufe duk wata kafa da ruwa zai iya bi, amma kada a kulle ko ɗaya ta yadda wanda ke ciki zai kasa fita.

Asalin mashigan da jiragensu

Zamanin haƙa mashigan ruwa a Ingila ya kankama ne a 1761, lokacin da aka buɗe mashigin Bridgewater domin kai kwal daga ma'adinan Worsley zuwa birnin Manchester. Injiniya James Brindley, wanda ya yi aiki a wannan mashigi, shi ne daga baya ya tsayar da ma'aunin matakalun ruwa na tsakiyar Ingila: faɗi kimanin ƙafa 7, tsawo kimanin ƙafa 72. Wannan ma'auni ne ya tilasta wa maƙera su riƙa yin jirgi dogo siriri, wanda a yau faɗinsa ba ya wuce ƙafa 6 da inci 10, wato mita 2 da 'yan kai.

Da farko dawaki ne ke jan jiragen, suna tafiya a kan turbar da ke bakin ruwa, yayin da matuƙi da iyalinsa ke zaune a wani ɗan ƙaramin ɗaki a bayan jirgi. Zuwan jirgin ƙasa ya karya kasuwar dakon kaya ta ruwa, motocin daukar kaya suka ƙarasa ta, kuma tsananin sanyin hunturun 1962 zuwa 1963, wanda ya daskarar da mashigan na tsawon makonni, ya kori da yawa daga cikin sauran 'yan dakon da suka rage. A yau jiragen sun koma na shaƙatawa da na haya, wasu kuma gidajen zama ne, musamman a Landan inda tsadar muhalli ta sa mutane da dama suka tare a kan ruwa. Tun daga 2012 ƙungiyar Canal & River Trust ce ke kula da kimanin mil 2,000 na hanyoyin ruwa a Ingila da Wales, waɗanda ke da matakalu fiye da 1,500 da jirage masu lasisi fiye da 30,000.

Yadda matakalar ruwa ke aiki

Tun da ruwan mashigi ba ya hawa tudu, sai a yanka hanyar hawa-hawa, kowane hawa ruwansa a kwance, sannan a haɗa hawa biyu da matakala. Matakala dogon ɗaki ne marar rufi da aka gina da tubali ko dutse, yana da ƙyaure a ɓangaren sama da wani a ɓangaren ƙasa. Jirgin da zai hau yakan shiga ta ƙyauren ƙasa, a rufe bayansa, a saki ruwa daga sama har ɗakin ya cika, sannan a buɗe ƙyauren sama ya wuce. Wanda zai gangara kuma yakan shiga ɗakin yana cike, a zubar da ruwan ta ƙasa har ya daidaita da hawan da ke gaba. Dabarar tsohuwa ce, domin an gina irinta a ƙasar Sin tun shekara ta 984. Da ita ake ɗaga manyan jirage a mashigin Panama, kuma a Najeriya ma an gina madatsar Kainji da irin wannan matakala domin jirage su iya ƙetare ta.

Ana shigar da ruwa ko fitar da shi ne ta kafofi masu marfi, waɗanda ake ɗagawa da wani lanƙwasasshen ƙarfen murɗawa da kowane jirgi ke tafe da shi. Kafofin iri biyu ne. Akwai na ƙasa, waɗanda ke bi da ruwa ta bututun da ke cikin gini su fito da shi a ƙarƙashin jirgi. Akwai kuma na jikin ƙyaure, waɗanda ke feso ruwa kai tsaye cikin ɗakin. A ƙarƙashin ƙyauren sama akwai wani dakali na dutse ko kankare mai kama da dokin ƙofa. Ba a ganinsa idan ɗakin na cike, sai ruwa ya janye yake bayyana, shi ya sa ake yin alamar iyakarsa da farin fenti a bakin bango.

Yawan ruwan da ke motsi a nan ba kaɗan ba ne. Ɗakin da ke da tsawon mita 22, faɗin mita 2.2 da tazarar hawa mita 2.5 yana ɗaukar lita kimanin 120,000, wato tan 120 na ruwa, kuma cikin 'yan mintoci yake cika ko ya zube. A yawancin wurare masu jirgi ne ke yin wannan aiki da hannunsu, babu ma'aikacin da ke tsaye a kansu. Wasu hanyoyin kuma matakalunsu a jere suke: akwai 30 a Tardebigge, akwai 29 a Caen Hill kusa da garin Devizes. Mafi zurfi a ƙasar ita ce ta Tuel Lane a mashigin Rochdale, mai zurfin kimanin mita 6, wadda ma'aikata ne kaɗai ke sarrafa ta.

Ƙofofi da murafun jirgi

Siririn jirgi na zamani da ƙarfe ake ƙera shi, kuma mai matsakaicin tsawo yakan kai nauyin tan 15 zuwa 20. Daɓen ɗakinsa yana ƙasa da saman ruwan da ke waje, kuma galibi ɗakin dogon zaure ne daga goshi zuwa baya. Ma'anar haka ita ce duk ruwan da ya samu shiga, ƙasa zai nufa, ba kuma zai fita da kansa ba.

Ƙofar gaba tana buɗewa ne zuwa wani ɗan fili mai zurfi a goshin jirgi inda fasinjoji ke zama, wanda ke da ƙananan ramukan tsiyayar da ruwa a gefe. Ƙofar baya tana kusa da inda matuƙi ke tsayawa da sandar tuƙi, kuma a samanta akwai marfi mai zamewa a kan rufi. Ƙofar gefe kuwa a jikin bangon ɗaki take, yawanci kusa da kicin ko wurin cin abinci. Fuka-fuki biyu gare ta masu buɗewa waje, ana kwantar da su a jikin bango a saƙale da ƙugiya. Wasu ƙofofin gefen suna da nasu marfin a kan rufi da 'yar matakala a ciki, ta yadda mutum zai iya fita ta nan. Amfaninta shigar iska da haske da miƙo kaya daga bakin ruwa, kuma ta nan ake jefa wa agwagi abinci, har wasu ke kiranta tagar agwagi. A jiragen da aka ƙera bisa tsohon salo, ɗakin injin yana da ƙofofin gefe hagu da dama, waɗanda ake bari a buɗe domin zafi ya fita. Akan yi wa cikin fuka-fukansu zanen furanni da fadoji, adon da 'yan dakon ƙarni na 19 suka bari gado.

Akwai wani marfin da ba a gani daga waje, shi ne marfin farfela. Akwati ne na ƙarfe a bayan jirgi, daidai saman farfela, wanda ake buɗewa a zura hannu a cire ciyawa ko leda ko igiyar da ta naɗe ta. Idan aka mayar da marfin ba a ɗaure shi tam ba, juyin farfela na turo ruwa ta bakinsa zuwa wurin injin, musamman lokacin da aka sa giyar baya da ƙarfi, abin da matuƙi ke yawan yi a cikin matakala domin tsayar da jirgi. Wannan sakaci na daga cikin sanannun dalilan nutsewar waɗannan jirage.

Ma'aunin da maƙera da masu duba jirage ke aiki da shi ya nuna inda hatsarin yake. Ana so duk wata kafa a jikin jirgi ta kasance aƙalla inci 10 sama da ruwa, bakin akwatin farfela kuma aƙalla inci 6. Wannan tazara ta wadatar muddin jirgi na zaune daidai a ruwa mai kwanciya. A cikin matakala kuwa ruwa na iya zubowa daga sama, jirgin ma na iya karkacewa.

Hanyoyin da ruwa ke bi

Hanya ta farko ita ce yoyon bango. Bangayen matakalu da yawa sun haura shekara 200, kuma idan ɗaki ya cika ruwa kan kutsa ta tsakanin tubala ya taru a bayansu. Da zarar an zubar da ruwan ɗakin, wanda ya taru a bayan bango sai ya dawo yana tsartuwa kamar an buɗe famfo, wani lokaci da laka. Jirgin da ke sauka yana wucewa ne ta gaban waɗannan ramuka ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙofar gefe ko tagar da ke buɗe tana fuskantar bangon kai tsaye. Sau da yawa ɓarnar ba ta wuce jiƙewar katifa da kujeru ba, amma takan kai ga wayoyin lantarki, ko injin da ke ɗakinsa a buɗe.

Hanya ta biyu ita ce yoyon ƙyauren sama. Ƙyamaren na katako ne, suna lalacewa da tsufa da bugun jirage, kuma ruwa na iya kwararowa ta tsakaninsu ko ta samansu. Jirgin da ke hawa goshinsa ne ke kusa da wannan kwarara, mai gangara kuma bayansa. Dogon jirgi mai ƙafa 70 ba shi da sararin da zai ja da baya ya kauce. Idan ruwan ya fi ƙarfin ramukan tsiyaya, filin goshi zai cika, kuma ƙofar gaba ce kaɗai ta rage tsakaninsa da ɗaki.

Hanya ta uku ita ce kafofin jikin ƙyaure. Idan aka buɗe su tun ɗakin na wofi, ruwa na fitowa da ƙarfi a saman goshin jirgi. Shi ya sa ake fara buɗe kafofin ƙasa a hankali, a jira sai ruwa ya rufe na jikin ƙyaure kafin a taɓa su. An sanya wa da yawa daga cikinsu garkuwar ƙarfe mai karya ƙarfin ruwan, amma hakan bai soke ƙa'idar ba.

Maƙalewa da karkacewa

Tsakanin jirgi mai ƙafa 6 da inci 10 da bango mai faɗin ƙafa 7, abin da ya rage bai fi inci ɗaya ko biyu ba a kowane gefe. Wasu bangayen ma sun kumburo ciki saboda tsufa. Matakalun Hurleston da ke bakin mashigin Llangollen sun yi suna wajen matsi, har ana umartar matuƙa su ɗage matasan kariyar da ke rataye a gefen jirgi kafin su shiga. Bangon ɗakin jirgi yana ɗan kwantawa ciki daga ƙasa zuwa sama, saboda haka fiffiken ƙofar da aka kwantar aka saƙale yakan tsaya cikin faɗin jirgin. Wanda aka bari yana lilo kuwa yana iya fitowa ya zarce leɓen jirgi, ya kama tsanin ƙarfen da ke jikin bango, ko gefen ƙyaure, ko tubalin da ya turo kai. Idan an yi sa'a maratayin ƙofar ne zai karye. Idan ya riƙe, gefe ɗaya na jirgin zai tsaya yayin da ruwa ke ci gaba da sauka ko hawa.

A matakalu masu faɗin ƙafa 14, irin na mashigin Grand Union da ya haɗa Landan da Birmingham, jirage biyu kan shiga kafaɗa da kafaɗa. A nan ƙofar wannan na iya saƙale ta wancan. Jirgin da ya shiga shi kaɗai kuma ruwa na iya wurga shi daga bango zuwa bango.

Maƙalewar da aka fi sani ita ce ta dakalin ƙyauren sama. Idan jirgin da ke gangara ya ja baya ya wuce farar alama, bayansa zai zauna a kan dakalin, goshi ya ci gaba da sauka har ya nutsa. A irin wannan hali ƙofar gaba da ke rufe tana jinkirta shigar ruwa. Ba a yi ta don ta hana ruwa gaba ɗaya ba, amma 'yan daƙiƙun da take bayarwa su ne ake buƙata a rufe kafofin matakala. Da zarar ruwa ya samu shiga ɗaki, yakan gangara ya taru a ɓangaren da ya fi ƙasa, nauyinsa ya ƙara danna wannan ɓangare, wata kafar ta sake nutsewa. Kowace lita 1,000 tan ɗaya ce.

Haɗarin Gargrave

A ranar 19 ga Agusta, 1998, wani siririn jirgi mai suna Drum Major ya nutse a matakalar Steg Neck kusa da garin Gargrave, a mashigin da ya haɗa Leeds da Liverpool. Jirgin na gangarowa ne ɗauke da nakasassu da masu kula da su. Yayin da ruwa ke janyewa, matashin igiyar da ke goshin jirgin ya maƙale a ƙyauren ƙasa, goshi ya tsaya a sama, baya ya ci gaba da sauka har ruwa ya fara shiga. Da jirgin ya kuɓuce ya faɗo, ruwa ya mamaye shi ya nutse cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Fasinjoji huɗu da ke cikin ɗaki, dukkansu nakasassu, suka rasu. Hukumar binciken haɗurran jiragen ruwa ta Birtaniya ta binciki lamarin ta fitar da rahoto. Ba ƙofar gefe ce ta haddasa wannan haɗari ba, amma ya nuna abu biyu da suka shafi kowace ƙofa: saurin da jirgin ƙarfe ke cika idan ya karkace, da wahalar fito da mutanen da ke cikin dogon ɗaki mai ƙuntatacciyar mafita.

A rufe, amma kada a kulle

Wannan darasi ne ya sa ƙa'idar ke da rassa biyu. Ƙofar da ke tsare ruwa ita ce kuma hanyar tsira. Idan goshi ne ya nutsa, ta baya za a fita. Idan baya ne, ta gaba. Wanda ke tsakiyar jirgi mai tsawon mita 20 kuwa, ƙofar gefe mai marfi a rufi na iya zama mafita mafi kusa da shi, domin a matsattsiyar matakala bango na hana fuka-fukan buɗewa, marfin sama ne kaɗai zai ɗagu. Saboda haka ana rufe ƙofa da sakata ta ciki wadda hannu ɗaya zai zare, kuma ba a barin kwaɗo a waje muddin akwai mutum a ciki. Wannan gargaɗi ya shafi gobara kamar yadda ya shafi ruwa.

Rufe ƙofofi bai haɗa da toshe ramukan iska na dindindin ba. Jiragen na amfani da gas na girki da murhun kwal ko itace, kuma iskar guba marar wari da ke fita daga wuta ta hallaka mutane a cikinsu. Tsarin duba lafiyar jirage na ƙasar, wanda ke buƙatar a duba kowane jirgi duk shekara huɗu, ya wajabta sanya na'urar gargaɗin wannan guba tun daga Afrilun 2019.

Inda matuƙa suka saɓa

Ba duk matuƙa ne suka yarda a rufe ƙofar gefe a kowace matakala ba. Wasu na ganin cewa fiffiken da aka kwantar aka saƙale ba ya kama komai, kuma a jerin matakalu 20 ko 30 a ranar zafi rufewa da buɗewa wahala ce. Masu tsofaffin injuna na ƙara da cewa ɗakin injin na buƙatar iska. Waɗanda suka saɓa musu na cewa babu wanda ya san bangon da ke yoyo sai ya zo gabansa, kuma matuƙin da ke tsaye a baya ba zai bar sandar tuƙi ya ruga tsakiyar jirgi ba. Abin da ke raba gardamar shi ne ƙirar jirgin. Ƙofar da bakinta ke saman leɓen jirgi galibi jiƙa kaya kawai take jawowa. Wadda aka yanko har ƙasa da leɓe ta fi kusa da ruwa, kuma barinta a buɗe ganganci ne. A kan abu biyu dai kusan kowa ya yarda: ƙofar gaba a rufe take idan ana hawa, kuma ba a barin yaro ko dabba su leƙo ta ƙofar gefe, domin jirgi mai tan 15 na iya matse kai ko hannu da bango.

Abin da ake yi a aikace

Kafin jirgi ya tashi da safe, da kuma duk lokacin da aka cire wani abu daga farfela, ana duba marfinta a kunna injin a ga ko ruwa na tsattsafowa. Da an hango matakala, wani daga cikin masu jirgi yakan bi ɗaki ya rufe tagogi da ƙofofin gefe da ƙofar gaba, ya tabbata ramukan tsiyayar goshi ba su toshe da ganye ba. Ana sanin yawan mutanen da ke ciki da inda kowa yake, kuma an fi so marasa ƙarfi su zauna kusa da mafita ko su sauka su jira a bakin ruwa. Mai murɗa kafofin matakala ba ya barin wurinsa, idonsa na kan jirgi da matuƙi, kuma tun da ƙarar ruwa da ta injin na danne murya, akan yi yarjejeniya tun farko a kan alamar hannu ko busa ƙaho da ke nufin a tsaya. Idan jirgi ya maƙale ko ruwa ya fara shiga, matakin farko shi ne a rufe dukkan kafofi nan take. Bayan an tabbata kowa ya fito, sai a mayar da ruwan a hankali zuwa inda yake har jirgin ya sake zama daidai.